Sararin da na ƙara wa jirgin bayi

Shekara uku na yi ina koyon kafinta a shagon Masta a unguwar Nima da ke Accra, a Ghana, daga kujera sai gadon amarya, kafin aikin jirgin ya zo. Wani gidan tarihi ne ya nemi a ƙera masa ɗan ƙaramin Brookes, jirgin bayi na Libaful da aka gina a 1781, wanda ya sha zuwa gaɓar tekun nan tamu yana lodin mutane a wajejen Kef Kos da Anomabo zuwa Jamaika. Suka haɗo mana da zanensa, wanda masu yaƙi da cinikin bayi suka fara bugawa a Ingila a 1788, ga mutane nan a jere kamar an shanya kifi. Dokar waccan shekarar ta ba shi izinin ɗaukar mutum 454. Kafin dokar, ya taɓa ɗaukar 609.

Awon da aka ba mu shi ne kwatan inci a madadin ƙafa ɗaya. Da icen odum muka yi ƙashin bayan jirgin da haƙarƙarinsa, jikin kuwa da icen wawa. Duk Bahaushen da ya ji sunan icen nan sai ya yi dariya, amma da shi masuntan Jamestown ke sassaƙa kwalekwalensu, yana da laushi, yana jin maganar wuƙa. Na koyi turara siririn katako da ruwan zafi har ya lanƙwashe bai karye ba, da rina zare da ruwan shayi ya fito kamar tsohuwar igiya. Waɗannan duk hannu ke koyonsu, wata biyu sun zauna.

Abin da ya kayar da ni yana can ƙasa, inda ake kwantar da mutanen. A zanen akwai wata kanta da aka kafa a tsakiyar tsayin ɗakin, a yi layi biyu, wasu a ƙasa wasu a sama. Tsakanin kantar da rufi ƙafa biyu ne da inci bakwai. A awonmu bai kai inci ɗaya ba, yatsana ma da ƙyar yake shiga. Sai na sauke kantar kaɗan don in samu wurin shafa gam, na ce wa zai lura? Ban ma ɗauke shi laifi ba. A gado ko kabad, kullum muna ƙara ɗan sarari, mai kaya ya yi godiya.

Washegari Masta ya zo da kokonsa a hannu, ya leƙa, ya ajiye kofin. Ya zura rula, ya daɗe yana kallo.

"Wa ya ba su wannan wurin?"

Na ce, "Masta, hannuna ne ba ya shiga."

"Ɗana, su ma kansu ba ya shiga. A naka jirgin mutum zai iya tashi zaune. A wancan ba ya iyawa. Yaran makaranta za su zo su leƙa su ce ashe da ɗan dama-dama."

Bai ɗaga murya ba, da ma ya yi faɗa da ya fi mini sauƙi. Ya ce kakansa ta garin Salaga da ke arewacin Ghana ya biyo da fataucin goro, ya ga rijiyoyin da ake wa bayi wanka kafin a kai su kasuwa, don haka kada in ɗauka labarin wasu ne can. Shi ne kuma ya gaya mini cewa Wilberforce, ɗan majalisar da ya yi yaƙi da cinikin bayi, ya shiga majalisar Ingila da irin wannan ɗan jirgin ya nuna wa 'yan majalisa, shekaru kafin su haramta cinikin a 1807. Ni da nake ganin abin wasan yara muke yi mai tsada, jikina ya yi sanyi.

Kwana uku na yi ina ɓamɓare gam ina mayar da kantar mazauninta. Sannan muka zo kan mutanen. Kowane namiji ƙafa shida aka ware masa a tsawo, inci goma sha shida a faɗi, wanda a wurinmu ya zama sulusin inci, kamar faɗin fensir. Da hantsaki na riƙa jera su ɗaya bayan ɗaya, kafaɗa na gugar kafaɗa. Rediyon shagon da ba ta mutuwa ko lokacin cin waken rana, ranar Masta da kansa ya kashe ta. Na kai ɗari biyu da wani abu aka kira la'asar, na tashi alwala hannuna na rawa.