Inda aikin jirgina ya kai a hunturun bana

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu koyon gyaran jirgin katako. Kwale-kwalen da nake shiryawa domin kwana a cikinsa lokacin kamun kifi yana nan a tudu, a gefen madatsar ruwa ta Daberam da ke kusa da Daura, an kifa shi a kan gungumen itace domin kada ya taɓa ƙasa gara ta same shi. Tsawonsa ya kusa mita 8, na katako ne da aka harhaɗa da ƙusa, ba sassaƙaƙƙen itace ɗaya ba. Zuwa yanzu na gama binciken jikinsa, na canza katakan da suka ruɓe, kuma ina tsakiyar toshe tsagoginsa. Rumfar kwana kuwa ban taɓa ta ba tukuna, da gangan.

Na fara da neman ruɓa, domin babu amfanin shafa kwalta a kan katakon da ya riga ya mutu. Ana bin kowane katako da tsinin wuƙa ana dannawa, inda wuƙar ta nutse cikin sauƙi ko bugun guduma ya ba da sauti irin na abin da cikinsa fanko ne, to wurin ya lalace. Ruɓar ta fi yawa a ciki, a gindin sandunan da ke riƙe da katakan, inda ruwan sama da ɓawon kifi da ƙasa suke taruwa su daɗe ba su bushe ba. Na maye gurbin waɗanda na cire da katakon maɗaci, saboda yana jure ruwa da ƙwari fiye da farin katakon da ake rufin ɗaki da shi, ko da yake ya fi tsada, ya fi nauyi, kuma sai an huda shi kafin a buga ƙusa don kada ya tsage. Duk ƙusar da na ga ta zubar da jan tsatsa a jikin katako na zare ta, na sa wadda aka yi wa rufin hana tsatsa.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina, wanda kuma nake so mu tsaya a kansa, shi ne yadda hunturu yake yi wa katako. Iskar da ke busowa daga arewa maso gabas, daga hamadar Sahara, tun daga wajen Nuwamba har zuwa Fabrairu, busasshiya ce ƙwarai, tana zuƙe danshin da ke cikin itace. Katako kuwa idan ya bushe, faɗinsa ne yake tsukewa, tsawonsa ba ya raguwa sai ɗan abin da ba a kula da shi, shi ya sa jirgin da ba ya yoyo da damina, idan ya yi makonni a tudu, sai ka ga haske yana ratsowa tsakanin katako da katako. Wannan bushewar tana da amfani, domin kwalta da fenti ba sa kama jiƙaƙƙen itace. Amma tana yaudarar mai koyo: yana ganin tsaga ta buɗe, sai ya ɗauka girmanta ke nan, ya cika ta tam da abu mai tauri. Ranar da jirgin ya koma ruwa katakan za su sha su kumbura, su nemi komawa inda suke, idan kuma suka tarar an toshe wurin da abin da ba ya matsuwa, sai su banƙare, ko su tumɓuke ƙusa, ko gefensu ya murƙushe, yoyon baɗi ya fi na bana.

Saboda haka ban yarda da shawarar masu cewa a cika tsaga da siminti ko da gam mai ƙanƙarewa kamar dutse ba. Auduga nake murzawa ta zama igiya mai laushi, in cusa ta da siririn itace mai faɗin baki, ina bugawa a hankali har ta zauna, amma ba ta kai ta cije ba, sannan in bi ta da narkakkiyar kwalta. Auduga tana matsuwa idan katako ya kumbura, kwalta kuma tana ba da kai. Inda tsagar ta yi faɗin da yatsa zai shiga, ba aikin auduga ba ne, sai an fere siririn katako an saka. Mai narka kwalta ya yi nesa da jirgin da busasshiyar ciyawa, ya kuma tabbata babu ɗigon ruwa a cikin gwangwanin, domin ruwa yana sa tafasasshiyar kwalta ta yi tsalle ta ƙona mutum. Na kuma yi wa jirgin inuwa da zana, domin kada bushewar ta wuce kima katakan su fara tsagewa daga bakinsu.

Fenti ba shi da wani dogon bayani. Ranar da hazo ya yi kauri ba na shafawa, saboda ƙura tana manne wa ɗanyen fenti.

Dalilin da ya sa na jinkirta rumfa shi ne nauyi. Wasu abokan koyo sun so in gina ɗan ɗaki na falanki mai rufin kwano, kuma na fahimci sha'awarsu, tun da sanyin asuba a kan ruwa ba abin wasa ba ne. Sai dai kwale-kwale siriri ne, duk nauyin da aka ɗora sama da bakinsa yana ƙara masa saurin kifewa, bango mai tsawo kuma yana tare iska ta riƙa tura jirgin gefe. Abin da na tsara shi ne gajeriyar rumfa ta gora da tamfol, wadda mutum zai zauna a ƙarƙashinta amma ba zai miƙe tsaye ba, mai buɗewa gaba da baya, da gidan sauro a ciki. Shimfiɗar kwana za ta zama katakai da ake ɗagawa, domin a iya ganin ruwan da ya taru a ƙasa a kwashe shi. Kaya masu nauyi duka ƙasa za su zauna, a tsakiya, a ɗaure: lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, don haka jarka mai lita 25 ta isa ta karkatar da jirgi idan ta gangara gefe. Batir mai bolt 12 da ƙaramin faifan sola za su wadatar da fitila da cajin waya, muddin ana share ƙurar faifan.

Wuta kuwa ba za ta shiga ƙarƙashin rumfar ba. Gawayi yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari ko launi, kuma tana kashe mai barci a rufaffen wuri ba tare da ya farka ba, ga shi kuma jirgin katako ne da kwalta. Girki a gaɓa za a yi, maganin sanyi kuma bargo ne da rigar sanyi. Ruwan sha daga gida zai zo, domin ruwan madatsa yana iya ɗauke da tsargiya, wadda ke shiga ta fata, don haka ma nake sa takalmin roba idan zan daɗe a cikinsa. Rigar kariya daga nutsewa tana cikin kayan da na riga na saya. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, tana hana tafiyar dare a kan ruwa, ni ma kwanan da nake nufi na jirgin da aka ɗaure kusa da gaɓa ne, bayan na nemi izinin Sarkin Ruwa ya nuna mini wurin da ba zan takura wa tarun kowa ba.

Da zarar toshiyar ta kammala, zan juyo jirgin in shimfiɗa jiƙaƙƙun buhuna a cikinsa na 'yan kwanaki domin katakan su fara kumbura a hankali, sannan in tura shi ruwa marar zurfi da buhunan yashi daidai nauyina da na kayana. Inda ruwa ya tsaya a jikinsa zan ja layi da fenti, kuma tazarar da ta rage tsakanin layin da bakin jirgin ita ce za ta nuna mini yawan gorar da rumfar za ta iya ɗauka.