Mako na tara da Ubandawaki Arzika

Ƴan'uwa masu koyon rubutun ƙagaggen labari, ina yi muku sallama daga Tawa. Yau mako tara ke nan da na buɗe sabon kaye na soma labarin Birnin Tsamiya Bakwai. Shafi 64 gare ni a hannu, 20 daga ciki na soke su da jan bik, kuma mutum ɗaya ne ya jawo: Ubandawaki Arzika, shugaban mahayan sarki.

Ga wanda bai ji farkon ba, birni ne da na ƙaga, babu shi a duniya. Ganuwarsa ƙofa bakwai, kowace ƙofa da tsamiyarta, kowace tsamiya da iskar da ke tsaronta. A fada akwai tsohon tambari wanda ba ya amsawa sai in an kaɗa shi don sarkin gaskiya. Sarki ya kwanta ciwon ajali, ya kira Arzika cikin dare ya damƙa masa ɗansa mai shekara tara, ya ce amana. Bayan kwana uku masu zaɓen sarki suka naɗa ƙanen marigayi. Daga nan rigima ta tashi.

Mako na 2 zuwa na 4

A makonnin nan na yi ta gudu, shafi huɗu ko biyar a dare in wuta ba ta ɗauke ba. Na ba Arzika tsawo, na ba shi tabon mashi a kafaɗa, na yi masa kirari har layi goma sha biyu. Sai ran wata Juma'a da dare na kai kayen fadarmu ta Wadata, wato majalisar da muke hira a unguwa, aka ɗora shayi, na karanta musu babi biyu. Aka yi shiru har aka zuba na biyu. Wani abokina da ke koyarwa a lakwal ya ce: "Malam, wannan ba mutum ba ne, turke ne. Inda aka kafa shi nan yake."

Maganar ta yi mini zafi, amma da na koma gida na ƙirga. Sau goma sha ɗaya Arzika ya buɗe baki a babi biyun, sau takwas abin da ya ce shi ne "An gama, ranka ya daɗe." Ban taɓa nuna shi yana son wani abu ba, ko yana tsoron rasa wani abu. Na ɗauka in na ce mutum mai amana ne, na gama gina shi. Ashe ban ma aza tubali ba, don ban tambayi kaina ba: amanar wa? Ta mutumin da ya mutu, ko ta gadon sarauta, ko ta talakawan da ke kwana bayan ganuwa? Muddin ukun nan suna tafiya tare, babu labari.

Mako na 5

Wannan makon ya fi kowane amfani, alhali ban rubuta ko layi ɗaya na labarin ba.

Ran Lahadi na shiga kasuwa wajen dukawa, ina son in ga kayan doki da idona, don na lura ina rubuta majayi da ragama ba tare da na san wanne ke ina ba. Na tarar da wani dattijo yana ɗinke linzami, ya danne fatar da babban yatsan ƙafa, basilla a hannu, zaren fata a baki. Na gaishe shi, na tsuguna. Ya nuna mini majayi da ke ɗaure sirdi ta ƙarƙashin cikin doki, da likkafa, da jalala da ake shimfiɗawa bisa sirdi, da ragama wadda ake jan doki da ita in ba a sa linzami ba. Da ya ji abin da nake rubutawa, sai ya ajiye basilla.

Ya ce: "Yaro, kakana bara ne. Ka san mi a bara?"

Na ce: "Baba, mai yi wa sarki hidima."

Ya girgiza kai. Ya ce ubangida shi ke ba ka doki, shi ke ba ka riga, shi ke yi maka aure, in ka haihu shi ke yanka rago. Dokin da kake hawa ba naka ba ne, gidan da kake kwana ba naka ba ne. "Ran da anka kaɗa gangar yaƙi, da wane baki za ka ce ba ka zuwa? Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi mai aski." Ya ɗauki basillarsa ya ci gaba da ɗinki.

A hanyar gida na gane inda na ɓata. Na ɗauki amanar Arzika kamar halitta, kamar tsawonsa ko baƙin fatarsa. A wajen mutanen da, barantaka bashi ce, kuma bashi yana da ranar da aka ci shi, da abin da aka karɓa, da shaidu. A daren nan na buɗe bayan kaye na jera abin da marigayi ya yi wa Arzika: ya fanshe shi yana yaro a shekarar yunwa, ya ba shi akawal, wato baƙin doki, na farko, ya aura masa ɗiyar Galadima duk da fadawa sun yi gunaguni. Abu na ukun nan ya buɗe mini ƙofar da ban yi zato ba, don Galadima shi ne ya tsaya kai da fata a naɗa ƙanen sarki. Ke nan surukin Arzika yana can ɗaya gefen, matarsa tana tsakiya.

Mako na 6

Na koma tarihi, kuma ina ba ku shawara ku ma ku koma, ko da birninku na aljanu ne. Mu a nan ba mu rasa abin ɗauka ba. Farfesa Djibo Hamani ya rubuta tarihin Adar, yankinmu na Tawa, kafin zuwan Turawa tun 1975, kuma mai karanta shi zai ga yadda sarauta ke tafiya tsakanin Agadas da ƙasarmu. Amma abin da ya warware mini kulli daga Katsina ya fito. A tsarin Katsinawa, wanda suka taho da shi Maraɗi bayan jihadi, manya huɗu ke zaɓen sarki: Ƙaura, Galadima, Durɓi da Ƴanɗaka. Ƙaura kuwa shi ne jagoran yaƙi. Wato mai takobi ba a bakin ƙofa yake tsaye yana jiran umarni ba, yana cikin ɗakin da ake yanke shawara. A Gobir ma akwai majalisar mutum tara.

Sai na sa Arzika cikin masu zaɓe. Ya faɗi ra'ayinsa, aka rinjaye shi, aka naɗa ƙanen marigayi a gabansa, ya faɗi ya yi caffa kamar kowa. Yanzu rantsuwa biyu ke wuyansa, ɗaya cikin dare ga mai mutuwa, ɗaya da rana a gaban jama'a, kuma ba wadda ya yi da ƙarya.

Na kuma karanta yaƙin basasar Kano. A 1893 Sarki Muhammadu Bello ya rasu, Sakkwato ta naɗa ɗansa Tukur, Yusufawa, wato magoya bayan Yusufu ɗan Sarki Abdullahi, suka ƙi, suka fice zuwa Takai. Yusufu ya rasu a kan hanya, Aliyu Babba ya karɓi jagoranci, ya shiga Kano a 1894, aka kashe Tukur a 1895. Duka gefen biyu jinin Sarkin Kano Ibrahim Dabo ne. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne masu dawakin da suka san juna tun ƙuruciya, kowa yana ganin shi ne mai riƙon amana, suna fuskantar juna da masu.

Nan ne na taɓa tambarin. A rubutun farko, an kaɗa shi don sabon sarki ya yi shiru, kowa ya san yaro ne mai gaskiya. To me ya rage wa Arzika ya yi tunani a kai? Tsafin ya yi masa aikin. Na soke wannan babin gaba ɗaya, shafi bakwai. Yanzu an kaɗa don ƙanen sarki, tambari ya amsa. Cikin dare makaɗin ya saci jiki ya kaɗa don yaron, ya sake amsawa. Mutum biyu kaɗai suka ji, makaɗin da Arzika. Ku da kuke sa iskoki da layu a labarinku, ku kula da wannan: ni dai na ga duk inda sihiri ya amsa tambayar da jarumi ya kamata ya amsa da kansa, labarin yana kwantawa.

Mako na 7

Gyaran ƙananan kurakurai. Na sa Arzika ya yi sukuwa yini guda cikin lifidi, kuma da damina. Lifidi riga ce mai kauri da aka cusa wa auduga, ta mutum da ta doki, tana tare kibiya amma tana da nauyi da zafi, in ta jiƙe kuwa sai ta zama kaya. Ƴan lifida ba su ne masu sintiri ba. Yawancin yaƙe-yaƙe ma da rani ake fita, bayan an kai amfanin gona rumbu. Na mayar da labarin bayan kaka, na cire masa lifidi na sa masa sulke. Na kuma tuna doki yana cin hatsi yana shan ruwa: mahaya ɗari uku ba za su kwana a rijiya ɗaya ba a yi rigima da masu garin. Rigimar ta ba ni shafi biyu masu kyau.

Mako na 8

Ga wurin da na fi sake rubutawa. Sabon sarki ya kira Arzika ya ce ya kawo masa yaron fada, "don a rene shi a gidan ubansa". A rubutun farko na sa shi ya miƙe ya yi dogon jawabi a kan gaskiya da amana, layi ashirin. Abokina ya ce ba bafaden da zai yi wa sarki wa'azi a zaure ya kwana da kansa. Ga yadda yake yanzu:

Arzika ya daɗe goshinsa a ƙasa. Ya ce, "Zaki, yaron yana masassara." Sarki ya ce, "A kawo shi, akwai masu magani a nan." Arzika ya ce, "An gama, ranka ya daɗe." Da ya fito bai hau doki ba. Ya kama ragama ya ja akawal har gida, mutane suna kauce masa a hanya. A ƙofar gida ya tarar da matarsa ta riga ta ɗaure kayan yaron. Bai tambaye ta ina za a kai shi ba, ita ma ba ta tambaye shi me aka ce a fada ba.

Kalmomin nan da suka sa aka kira shi turke, su ne dai ya sake faɗa. Amma da na karanta a fadarmu wannan karon, ba wanda ya taɓa kofinsa har na kai aya. Wani ƙanenmu ya ce, "Yaya, to ƙarya ya yi wa sarki ko gaskiya?" Na ce ni ma ban sani ba tukuna, kuma har ga Allah ban sani ba.

Akwai wata magana da ta taso a daren nan wadda ba zan ɓoye muku ba. Wasu sun so su ce wane nake nufi da Arzika, wane nake nufi da sabon sarki. Ba kowa nake nufi ba. Amma ni ɗan ƙasar da ta ga juyin mulki a 1974, 1996, 1999, 2010 da 2023 ne, kuma tambayar wa soja yake yi wa biyayya ba tatsuniya ba ce a wajenmu, muna jin ta a rediyo, muna jin ta a gidajen da ke da ɗa a bariki. Shi ya sa ba na son in yi wa mutumin nan rubutun ganganci. Ba na son ya zama waliyyi, ba na son ya zama maci amana mai sauƙin zagi. Ina son mai karatu, ko wane gefe yake, ya ji nauyin da ke kansa.

Mako na 9, inda nake yanzu

Abu biyu ke gabana. Na farko harshe. Ina ba da labari da daidaitacciyar Hausa don na Kano da na Damagaram su karanta ba wahala, amma bakin Arzika yana ja na zuwa Adaranci. In ya ce "mu tahi" ko "dokinai" ko "wanga yaro", sai in ji shi da rai. In na mayar "mu tafi" da "dokinsa", sai ya koma baƙo. Na yanke cewa shi da matarsa da makaɗin tambari za su yi maganar gida, sarki da Galadima su yi ta fada. Wanda ya taɓa gwada haka a labarinsa, ina son in ji ko masu karatu sun jure.

Na biyu shi ne babi na goma. Yaron yana ɓoye a ƙofa ta bakwai, ƙarƙashin tsamiyar da iskarta ba ta yarda da ƙarfe, don haka duk mai shiga sai ya ajiye takobi. Sarki ya tura dogarai, kuma ya sa Arzika da kansa ya ja su. Na rubuta har inda ya sauka daga doki, ya kwance takobi daga kafaɗa, ya riƙe shi a hannu biyu. Kwana huɗu ke nan yana tsaye a wurin. Na gwada ya miƙa wa shugaban dogarai, ban yarda ba. Na gwada ya rataye shi a reshe, shi ma bai zauna mini ba. Ran Lahadi zan koma wajen dattijon nan da goro, in tambaye shi abin da kakansa ya yi ran da ubangidansa ya rasu.