Wata Uku Ina Farautar Fatalwa

Har yau in na tuna babi na uku na kundin digirina na biyu sai raina ya ɓaci, kuma da kaina nake fushi. Batuna shi ne yadda marubutan Ayaland na zamani ke amfani da salon Gotik, wato adabin ban tsoro, wajen taɓo tsofaffin raunukan ƙasarsu. Babi biyu na farko sun wuce lami lafiya. Mulkin Ingila, da yunwar 1845 zuwa 1852 da ta kashe kusan mutum miliyan ɗaya, duk na zuba su.

A na uku na tafka wauta. A zatona Gotik shi ne fatalwa da kango da ƙarar ƙofa cikin dare. Na ɗauki jan biro ina bin littattafai, duk inda aka ambaci kabari ko inuwa in ja layi. Wata uku cur! Ɗan littafin Claire Keegan, Small Things Like These, na ture shi gefe, tunda ba fatalwa a ciki. Mai sayar da kwal ne kawai a garin New Ross a 1985, ya tarar da yarinya a kulle cikin rumbun kwal na gidan sistoci, ɗaya daga gidajen wankin Magdalene, inda ake tsare mata ana sa su aikin wanki. Har na rubuta cewa marubuciyar ta zuzuta abin.

Malamin da ke duba aikina ya zagaye kalmar, ya ɗago ya kalle ni.

"Malama, zuzutawa? Yaushe aka rufe gidan wankin Magdalene na ƙarshe?"

Na ce ƙarni na sha tara, bakina ko rawa bai yi ba.

"1996," in ji shi. "A Dublin. An haife ki a lokacin?"

An haife ni.

Daren nan ban runtsa ba, ina karanta labarin wani gida a garin Tuam na Ayaland. Gida ne da ake kai matan da suka haihu ba aure, daga 1925 zuwa 1961. Wata mai binciken tarihin garin, Catherine Corless, ta tattara takardun mutuwar yara 796, kusan dukkansu ba bayanin inda aka binne su. A 2017 aka tabbatar da ƙasusuwan yara a wasu ɗakunan ƙarƙashin ƙasa a filin gidan. Ni kuma ina can ina ƙirga inuwa!

Sai a lokacin na gane inda tsoron littafin Keegan yake: gari guda ya sani, kowa ya kama bakinsa. Matar mai kwal ɗin ma cewa take ya kau da kai, suna da 'ya'ya mata biyar da za su yi wa tanadi. Wanda ke da irin wannan gida a tsakiyar gari, me zai yi da fatalwa?

Shafuka 41 na zubar. Ranar kare kundi ta wuce ni, sai da na ƙara zango guda.

Yanzu duk wanda ya zo mini da irin wannan batu, cewa nake ya ajiye ra'ayoyin masana tukuna, ya fara da tarihin baya-bayan nan, ya duba shekaru da idonsa. Ni na tsaya a yunwar 1845 kamar daga nan ciwon ƙasar ya warke, alhali sai a 2013 shugaban gwamnati Enda Kenny ya nemi gafarar matan Magdalene. Kuma kada ka rubuta "zuzuta" a kan abin da ba ka bincika ba. Kuɗin ƙarin zangon nan Yaya ne ya biya, har gobe yana tuna mini.