Sa Hannun Iverson da Aikin Ido a Shagona

Duk wanda ya shigo shagona a nan Filadelfiya ta Amurka, abin da idonsa zai fara sauka a kai shi ne katin ɗan ƙwallon kwando Allen Iverson da ke cikin akwatin gilashi kusa da teburina. Sana'ata ke nan, saye da sayar da katunan 'yan wasa, musamman na ƙwallon kwando, kuma na fi ƙarfi a waɗanda ɗan wasan ya sa wa hannu da kansa. Katin bai wuce tafin hannu ba, amma akwai wanda kuɗinsa zai sayi mota har a yi canji.

Ina sabon zuwa garin nan aka yi kakar 2001. Iverson ɗan Hampton ne ta jihar Virginia, ƙungiyar garin nan, 76ers, ta ɗauke shi na farko a zaɓen sababbin 'yan wasa na 1996 daga jami'ar Georgetown. Tsayinsa ƙafa 6 kacal, a wasan da masu ƙafa 7 suke tsare gindin kwando. Gurbinsa na baya ne, inda ake ɗauko ƙwallo a tsara hari, amma shi ya fi son ya kutsa cikin ƙartin da kansa, a maka shi da ƙasa, ya tashi ya sake komawa. Tun a shekararsa ta farko ya yi wa Michael Jordan yankan da har yau ake maimaita bidiyonsa. A 2001 ya zama gwarzon NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, ya kai ƙungiyar wasan ƙarshe da Lakers ta su Shaquille O'Neal da Kobe Bryant. A karawar farko a Los Angeles ya ci maki 48, ya jefa ƙwallo a kan ɗan wasan Lakers Tyronn Lue, ya tsallake shi yana ƙasa. Wannan ne kaɗai wasan da aka ci Lakers a duk zagayen neman kofi na shekarar. Kofin bai zo mana ba, amma riga mai lamba 3 ta cika titunan garin nan.

A lokacin ina yaron shago wurin wani dattijo mai sayar da katuna. Wata da watanni maigida bai bar ni na taɓa kati mai tsada ba, sai shara da jera kwalaye. Ranar da ya yarda da ni, ya zaunar da ni gaban fitila, ya ba ni gilashin ƙara girma, ya ce in riƙe kati ta gefensa kamar mai riƙe ƙwai. A wurinsa na koyi duba kusurwa huɗu, da gefe, da zaman hoton a tsakiya, da fuskar katin ko akwai ƙarzo. Abubuwan nan ne kamfanonin tantance kati irin su PSA suke dubawa su ba da maki daga 1 zuwa 10, kuma tsakanin 9 da 10 farashi yana iya ninkawa sau da yawa. Shi ya nuna mini ciwon jerin katunan Topps Chrome na 1996, wanda katunan farko na Iverson da Kobe da Steve Nash da Ray Allen suke ciki: da yawansu launinsu yana juyewa ya yi kore. Wanda ya tsira daga wannan, ka riƙe shi da kyau.

Amma inda aikin yake shi ne sa hannu. Ɗan wasan da ya sa hannu sau dubbai, alƙalaminsa gudu yake yi, tawada ta yi kauri a nan ta yi siriri a can. Mai jabu kuwa zana sunan yake yi, yana tsayawa yana kallon na asali, kuma duk inda ya tsaya tawada takan taru ta bar ɗigo. Na inji ma yana da alamarsa, nauyin layin ɗaya ne daga farko har ƙarshe. Akwai kuma bambanci tsakanin sa hannu a jikin katin da wanda aka yi a sitika aka liƙa daga baya. Duka na gaske ne, amma na jikin kati ya fi daraja, domin ɗan wasan ya riƙe katin a hannunsa.

Masu jabun nan sun taɓa cutata. Ina sabon buɗe shago na sayi wani sa hannu a kasuwar baje katuna, har da takardar shaida mai hatimi. Da na dawo na sa shi ƙarƙashin fitila, gabana ya faɗi. Takarda kowa zai iya bugawa. Gungun masu jabun sa hannu da hukumar bincike ta FBI ta tarwatsa a 1999 ma da takardun shaida suke sayar da kayansu. Ban sayar wa kowa da katin ba. Yana cikin aljihun tebur, nakan fito da shi in ajiye kusa da na gaske don mai saye ya ga bambanci da idonsa.

Shi ya sa raina yake ɓaci idan mutum ya zaro waya ya nuna mini irin katin a intanet da rabin kuɗina. Makon jiya ma wani ɗan'uwanmu ya yi mini haka, ya zo da ɗansa. Na ce masa, "Alhaji, wancan na cikin waya wa ya riƙe shi? Wa za ka koma wa idan ya fito jabu?" Na miƙa wa yaron gilashin, na jera masa katunan biyu. Bai yi minti ɗaya ba ya nuna ɗigon tawadar.

Idan kana da tsofaffin katuna a kwali, kada ka ɗaure su da roba, kada ka bar su inda rana ke duka, domin rana tana cinye tawada. Kawo su in duba maka, ba na karɓar kuɗin dubawa. Na cikin akwatin gilashi dai ba na sayarwa ba ne, kyautar maigida ce ranar da ya sallame ni.