Asabar ɗin da na fita yawo da Kawu

Shekarata tara a Agege amma wallahi sai kwanan nan na gane ban san Legas ba. Daga gida sai shago sai masallaci, sai kasuwar Mile 12 in an aike ni, shi ke nan. Yawancinmu haka muke, nema ya kawo mu, ba wanda ke ɗaga kai ya kalli garin.

To Asabar ɗin da ta wuce na rufe shago na ce wa Kawu ya zo mu fita, ya ce ina za mu, na ce ko'ina. Da ƙafa muka fara. Muna isa Pen Cinema ya ja ya tsaya ƙarƙashin gadar saman nan da aka buɗe a 2021, ya yi shiru ya daɗe yana kallon wajen, danfo na ta hon, masu burodin Agege na wucewa da faranti a ka. Can ya ce "Ɗan nan, kai sunan tasha ka ɗauke shi ko? Silima ce fa ta gaske." Ya ce lokacin suna samari in an sa fim ɗin Indiya tun kafin magariba ake layi, Bahaushe da Bayarabe kafaɗa da kafaɗa, ba mai jin yaren amma kowa ya haddace waƙar, in jarumi ya fara dukan bos sai ɗakin ya kaure da ihu da fito kamar da su ake faɗan. Har ya ɗan rera min wata a hankali, muryarsa na rawa. Ban taɓa jin Kawu ya yi waƙa ba sai ranar.

Daga nan muka hau mota zuwa Oshodi, muka canja ta CMS. Shi ma sunan nan da kwandastoci ke ƙwalawa na 'yan mishan ne, su suka kafa kantin littattafan da ake kira CSS a yanzu tun 1869, ga dogon gininsa nan a Broad Street. Mun shiga, ƙamshin sabuwar takarda ya tuna min ranar da aka fara raba mana littafi a firamare. Amma abin da na saya a bakin titi na same shi, wajen wani mai tsofaffin littattafai da ya baza su kan buhu: taswirar Legas ce, ta yi jaja-jaja, an liƙe tsakiyarta da salatif, babu ma gadar Third Mainland a ciki.

Muka leƙa Freedom Park, tsohon kurkukun Turawa da aka mayar wurin shaƙatawa a 2010, muka bi ta gaban Glover Hall. A zaure mai wannan sunan aka fara haska majigi a Najeriya a 1903, ko da yake ginin yanzu ba na wancan zamanin ba ne. La'asar a babban masallacin cikin gari muka yi ta.

A mota muna dawowa Kawu ya shimfiɗa taswirar a cinyarsa yana bi da yatsa, yana neman silimar Casino ta Yaba. Ya ce sati mai zuwa can za mu, amma in bari sai ya karɓo tabaransa daga wajen mai gyara.