Tarihin Rayuwata, kashi na 14: Kuɗin adashen da suka ɓace mini a kai

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da sake haɗuwa. Satin da ya wuce mun tsaya a rasuwar Malam, Allah ya jiƙansa, da yadda na fita takaba. Yau zan shiga wani wuri da na daɗe ina kewaye shi saboda har yanzu in na tuna sai gabana ya faɗi.

Ku da kuke biye da ni tun farko kun san tun 1984, shekarar yunwar da muke ce ma El Buhari, nake zaman kasuwar Dole a nan Damagaram, na fara da daddawa da kuka da tonka a faifai har Allah ya buɗa na koma atamfa ina sarowa Kantin Kwari a Kano. Shekara 36 ban taɓa riƙe kaye, wato littafin rubuta bashi, ba. Ba wai ban iya rubutu ba, na yi lakwal har CM2, ajin ƙarshe na firamare, amma kaina ya fi biro sauri, a faɗa mini kuɗin turmi da naira in juya shi sefa in sake juya shi dala tun mai shago bai ɗauko na'urar lissafi ba. A watan Janairun 1994 da aka karya darajar sefa rabi, a tsaye na sake ma kayana kuɗi ɗaya bayan ɗaya. Kuma ni ce uwar adashen mata 24 a unguwarmu ta Zengo, jika biyar-biyar kowace Alhamis, kwasa jika 120, na san wadda ta zuba na san wadda ta ce sai la'asar na san wadda kwasarta ke tafe, duk a ka.

To a 2020 da korona ta zo sai yara suka taru a kaina. Babbansu yace Inna ya isa haka, kin yi mana wahala, yanzu lokacinki ne ki huta. Wallahi da ƙauna suka yi, ban taɓa zarginsu ba. Aka ba ƙanwata rumfa, aka saya mini tele babba da salula mai shafawa, aka kawo yarinya mai girki. Cefane ma ba ni ke yi ba. Na tashi in yi sallah in koma in kwanta, in tashi in zauna gaban tele har ƙarfe 1 na dare, lambobin wayar da a da na haddace sun fi ashirin duk na bar ma salula ta riƙe mini. Adashe kaɗai ya rage a hannuna.

Bayan babbar sallar 2022 abin ya faru. Wata baiwar Allah, maƙwabciyata ce shekara da shekaru, na aika mata a kan zubinta bai iso ba, sai ga ta da kanta tace Hajiya ai hannu da hannu na ba ki jiya bayan magariba kina kan tabarma. Na duba cikin kaina ban ga komai ba, fayau. Nace ba ki ba ni ba, ta rantse na rantse, a gaban mutane, ta fita tana share hawaye ta je ta ranto jika biyar ta sake kawowa. Kwana uku bayan nan ina naɗe darduma sai ga kuɗin a ƙulle a bakin tsohon kallabina, ƙullin hannuna ne, ba mai irin wannan ƙulli a gidan sai ni.

A daren na tafi gidanta na durƙusa. Ta yafe, mutuniyar kirki ce, amma ni ban yi barci ba. Don ba shi ne na farko ba, na dai riƙa ɓoyewa ne. In shiga ɗaki in tsaya ban san me ya kawo ni ba. In yi kokwanton raka'a a la'asar. Mafi ciwo, ina da izu biyar a ka tun ina budurwa, daga Yusabbihu ta Juma'a har Nasi, rannan na ɗauko Tabara da asuba na kai tsakiya sai ta tsaya mini cik kamar an rufe ƙofa.

Abin da ke ba ni tsoro gwaggona ce. Ta yi gigin tsufa muna yara a Birni, tana fita ta ɓace a lungunan da aka haife ta, tana kiran matattu, yara na bin ta da jifa har wasu manya da ya kamata su san daidai suna cewa mayya ce. Dan Allah jama'a in kuna da tsoho irin wannan a gida ku rufa masa asiri, ciwo ne a ƙwaƙwalwa kamar yadda ciwo ke kama ƙoda ko ido, ba maita ba ce ba kuma alhaki ba ne.

Autata ce ta gane ina cikin damuwa ta matsa muka je likita. Ya auna tansiyo ya samu 17, ni da ban taɓa sanin ina da hawan jini ba. Ya sa aka duba suga, ya tambaye ni ko ina ji sosai da kunnuwana, sannan ya faɗa mini kalmomi uku yace in riƙe, ya tambaye ni ranar da muke da watan da muke, yace in riƙa cire 7 daga 100 ina sauka. Lissafin kam ban tsaya ba sai da ya ɗaga hannu, amma da ya dawo kan kalmomin biyu kawai na kawo. Yace Mama, mantuwa iri-iri ce. Wanda ya manta inda ya ajiye makulli daban, wanda ya riƙe makulli bai san aikin me yake yi ba ko ya ɓace a hanyar gidansa daban, wannan na biyun shi ne ake jin tsoron cutar Alzheimer, sunan likitan Jamus ɗin da ya fara bayaninta a 1906. Yace bai ga alamarta a tare da ni ba amma in dawo bayan wata shida. Hawan jinin nan in aka bar shi yana lalata ƙananan jijiyoyin ƙwaƙwalwa a hankali ba a sani ba, ya rubuta magani yace a rage gishiri da dunƙulen miya, in bar kwana gaban tele don a cikin barci ne kai ke jera abin da ya tara da rana, in riƙa tafiyar ƙasa minti 150 a sati, wato rabin awa sau biyar. Daga nan sai ya tambaye ni wai me nake yi da wunina. Nace hutawa. Ya kalli autata yace ku ba ta aikin da za ta yi tunani, ku bar ta ta shiga mutane. Bai ce mini wannan zai hana ciwo zuwa in Allah ya ƙaddaro ba, gaskiya ya faɗa, yace yana dai taimakawa.

Jikana da ke karatu a jami'ar André Salifou, mai gidana nake ce masa, shi ya ƙara mini wani abu da ya zauna mini. Wai wani Bajamushe Ebbinghaus, da ya fitar da bincikensa a 1885, ya riƙa haddace gaɓoɓin da ba su da ma'ana yana auna yadda suke zubewa, ya gano mafi yawan zubewar a awannin farko da ranar farko take, in kuma ana komawa kan abu ana ba da tazara sai ya daɗe bai gudu ba. Nace mai gida wannan ai tishi ne! Abin da malaminmu na allo ke sa mu ke nan, ba a wanke allo sai an bayar da hadda, kuma na baya kullum ana komawa kansa. Manzon Allah (SAW) ma ya yi umarni a riƙa bibiyar Alƙur'ani don ya fi raƙuma saurin kuɓucewa daga dabaibayinsu. Ni ce na kwance dabaibayin na zauna. Ya kuma ba ni labarin direbobin taksin Landan da ke shekara uku zuwa huɗu suna haddace tituna wajen dubu 25 kafin a ba su izini, a 2000 aka ɗauki hoton ƙwaƙwalwarsu aka ga wani sashe na wurin da ke riƙe hanya ya fi na sauran mutane girma. Kuma fa da girmansu suka koya, ba suna yara ba. Wannan ya ƙarfafa mini gwiwa ƙwarai.

Na koma Islamiyyar matan aure ta unguwarmu ina da shekara 61, na zauna sahu ɗaya da sa'o'in 'ya'yana. Daga Sabbi na sake farawa, aya uku bayan asuba, in maimaita su da azahar, in maimaita kafin in kwanta, gobe kafin in ƙara sai na karanta na jiya, ranar Juma'a ba ƙari sai tishin na sati. Watan farko na sha kuka, abin da na sani kamar sunana sai ga shi ina tuntuɓe a kai, amma a hankali sai ya riƙa dawowa, Amma ta dawo, Ƙul'uhiya ta dawo, ranar da na kai ƙarshen Tabara ba tsayawa sujada na yi a tsakar gida.

Da yamma in sa hijabi in taka daga Zengo zuwa Birni wurin yayata, yau in bi ta fada gobe in sake lungu, ina nuna wa jikokina guntayen ganuwar Sarki Tanimun ina ba su labarin Amadu Kuran Daga da yaƙin Tirmini na 1899 yadda kakata ta ba ni. Da dare an rage tele an dawo da tatsuniya da kacici-kacici, su suna jin daɗi ni kuma dole in tono abin da na binne shekara hamsin. Cefane na karɓe abina, in ƙirga canjina da dala a ka sannan in duba. Adashe kuwa yanzu ina da kaye, duk wadda ta kawo a gabanta nake rubutawa, don haƙƙin mutane ba abin gwaji ba ne, amma kafin in buɗe shi sai na jero su 24 da ka. Shi kansa rubutun nan da kuke karantawa a lokacin na fara koyon buga shi a salula da yatsa ɗaya.

Da wata shida suka cika tansiyo ya sauko 14, kalmomin likita uku na kawo su duka. Har yanzu ina mantuwa, sunan mutum kan tsaya mini a baki wani lokaci, amma wancan duhun ya yaye alhamdulillahi. A hanyar dawowa ne nace wa autata ina son komawa rumfata ko da ranar Alhamis kaɗai ce, tace Inna wa zai faɗa wa Yaya wannan magana? Nace ni zan faɗa masa. Yadda muka kwashe da shi, da zuwan kawunsu daga Mirya don sasanta mu, sai sati mai zuwa in Allah ya kai mu.