Ga mai son nazarin haɗarin jarin ƙasashen waje

Ƙannena masu digiri na biyu a kimiyyar siyasa, da ku da kuka fara hangen digirin digirgir, da yawanku kuna zuwa mini da take kusan iri ɗaya: tasirin rashin zaman lafiya a kan jarin ƙasashen waje. Fage ne mai kyau, kuma akwai abinci a cikinsa. Ni ma da shi na fara, sai dai na daɗe ina neman haɗarin a inda bai fi yawa ba.

A lokacin na ɗauka mai jari ba ya tsoron komai sai juyin mulki da yaƙi da ƙwace. Karatun da muka yi ne ya ɗora ni a kan haka: Meziko ta karɓe man feturinta daga kamfanonin waje a 1938, Iran ta yi haka a 1951, shugaban Masar, Nasar, ya karɓe mashigin Suwez a 1956, mu ma nan gida gwamnatin Obasanjo ta karɓe kadarorin kamfanin mai na BP a 1979. Na cika babi guda da irin waɗannan, ina jin na gama da magana.

Sai da na zauna da manajan wata masana'antar roba a Kano, baƙo ne da ya daɗe a ƙasar nan, sannan jikina ya yi sanyi. Na karanta masa tambayoyina a kan juyin mulki, ya saurara cikin ladabi, ya jawo aljihun tebur ya fito da wani fayil da ya kumbura har an ɗaure shi da roba. Takardun neman dala ne da ya kai banki, kowace da hatiminta, suna ta jira. A ƙarƙashinsu rasit ne na haraji kala-kala, da takardar wata kwantena da kuɗin ajiya ke ta hawa a kanta a tashar jiragen ruwa. Babu ɗaya daga cikin abubuwan nan a tambayoyina.

Ku duba manyan kamfanoni ma, haka abin yake. A 2023 kuɗin kamfanonin jiragen sama na waje da ya maƙale a Najeriya saboda ƙarancin dala ya haura dala miliyan 800, kuma tun a 2022 Emirates ta dakatar da zuwa saboda wannan matsala. A 2015 hukumar sadarwa ta ci tarar MTN naira tiriliyan 1.04 a kan layukan da ba a yi wa rajista ba, daga baya aka sasanta a kan biliyan 330. Ba a harba bindiga ba, ba a ƙwace komai ba.

Kada ku ce na ce zamanin ƙwace ya wuce. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, hukumomin Nijar sun janye lasisin haƙar yuraniyam na kamfanin Orano na Faransa a Imouraren a 2024, sannan a Yunin 2025 suka mayar da Somaïr, kamfanin haƙar yuraniyam na Arlit da Orano ke da kaso mafi yawa a ciki, mallakar ƙasa. A nan bayanin da Raymond Vernon na jami'ar Harvard ya yi tun 1971 yana nan da ƙarfinsa: kafin a zuba kuɗi kamfani ne ke da baki, gwamnati na lallashi, amma da zarar an haƙa rami an kafa injina, ƙarfi ya koma hannun gwamnati, don ba mai naɗe ma'adinan Arlit ya tafi da su. Tambayar da ta dace ita ce wane irin jari ne, kuma yaya sauƙin kwashe shi yake.

Kuskurena na biyu a wajen alƙaluma ne. Na guji darasin ƙididdiga saboda tsoron lissafi, da na ga ba makawa kuma sai na rungumi duk lambar da na samu ba tare da tambayar asalinta ba. Makin haɗari da kamfanoni irin su PRS ke ba ƙasashe, mafi yawan ɓangarensa na siyasa hukuncin wasu manazarta ne aka mayar lamba. Rahoton sauƙin kasuwanci na Bankin Duniya, wanda gwamnatoci suka riƙa tinƙaho da matsayinsu a ciki, bankin da kansa ya soke shi a Satumban 2021 bayan an gano an taɓa alƙaluman wasu ƙasashe. Su kansu alƙaluman jarin akwai gyara: wani bincike da masanan Asusun Ba da Lamuni na Duniya suka fitar a 2019 ya nuna kusan kashi 40 cikin ɗari na abin da ake kira jarin waje a duniya kuɗi ne da ke ratsa kamfanonin da ba su da komai sai suna, a wurare irin su Holan da Luxembourg. Ni kuwa na gina babi sukutum a kan irin lambobin nan. Mai jarraba ni ya tambaye ni masana'anta nawa kuɗin suka gina, na rasa ta cewa. Ku koyi ƙididdiga tun da wuri, ku koye ta sosai, don ku san inda za ku ƙi yarda da ita.

Abin da na fi cizon yatsa a kai shi ne raina shari'a. Na ɗauka kwangila da yarjejeniyar kare jari aikin lauyoyi ne. Ashe a nan siyasar take kwance. Najeriya ce ƙasar farko da ta tabbatar da yarjejeniyar da ta kafa ICSID, cibiyar sasanta rikicin jari ta Bankin Duniya, tun a 1965, amma sai ka ga ɗalibi ya gama digiri na biyu bai taɓa buɗe hukuncin sasanci ko ɗaya ba.

Ɗauki shari'ar gwamnatin Najeriya da kamfanin P&ID. An sa hannu a kwangilar sarrafa iskar gas a Kalaba a 2010, ba a gina komai ba, a 2017 masu sasanci suka ce Najeriya ta biya dala biliyan 6.6, kuɗin ruwa ya kai shi sama da biliyan 11. Sai a Oktoban 2023 alƙali Robin Knowles na babbar kotun Landan ya yanke cewa da zamba aka samo wannan nasara. Hukuncin yana intanet kyauta, kuma yana nuna yadda takarda ke yawo a ma'aikata fiye da duk wata hira da za a yarda a yi da ku. Ko rikicin kamfanin Zhongshan na Sin da gwamnatin jihar Ogun a kan yankin ciniki maras haraji: jiha ce ta yi rigimar, amma a Agustan 2024 jiragen fadar shugaban ƙasa aka riƙe bisa umarnin kotun Faransa, saboda gwamnatin tarayya ce ta sa hannu a yarjejeniyar kare jari da Sin. Wa ya fi ɗalibin tsarin tarayya cancantar yin bayanin wannan? Shari'o'in biyu kuma suna tuna mana cewa haɗari ba na mai jari kaɗai ba ne, talakan da za a biya diyya da kuɗin asibitinsa shi ma yana ciki, ko da yake ba shi ke ɗaukar nauyin bincike ba.

Wannan ya kawo ni ga maganar kuɗi. Da zarar sunanka ya fara fita, kamfanonin ba da shawara za su neme ka ka rubuta musu rahoto, biyan kuma da dala. Da albashin jami'a yadda yake, ba zan ce ku ƙi ba. Ni na karɓa har ya cinye mini lokacin rubutu, rahotannin kuma na sirri ne, ba a buga su, kwamitin ƙarin girma kuwa abin da ya fito a mujalla yake ƙirgawa. Abokan da muka fara tare suka wuce ni ina kallo. Idan za ka karɓi irin wannan aiki, ka nemi a rubuta a yarjejeniyar cewa bayan wani lokaci kana da ikon amfani da bayanan a bincikenka, an cire sunaye. Wasu za su ƙi, amma masu yarda sun fi yadda kuke zato. Mai niyyar nazarin Nijar ko Chadi kuma ya fara Faransanci tun yanzu, don dokokin ma'adinai da kwangilolin can da shi aka rubuta su.